Ƙarar Tayar Baya a Motar Golf: Yadda Ake Gano Musabbabinta da Yadda Ake Gyarawa

Motar golf ƙaramar mota ce mai ƙafa huɗu wadda aka ƙera tun asali domin ɗaukar 'yan wasan golf da sandunansu daga rami zuwa rami, amma a yau aikinta ya wuce filin wasa, domin ana amfani da ita a filayen jirgin sama da manyan otal-otal da harabar jami'o'i, kuma alhazai sukan gan ta a ƙasa mai tsarki tana jigilar tsofaffi da marasa ƙarfi. Cibiyar ƙera ta ita ce jihar Jojiya ta ƙasar Amurka, inda aka kafa kamfanin E-Z-GO a birnin Ogasta a shekarar 1954, kuma a jihar ne Club Car da Yamaha suke da masana'antunsu. A garin Peachtree City na wannan jiha akwai hanyoyin da aka ware wa irin waɗannan motoci masu tsawon sama da kilomita 160, inda mazauna garin suke zuwa kasuwa da makaranta a cikinsu.

Daga cikin matsalolin da masu wannan mota suka fi kokawa da su akwai ƙarar da ke tasowa daga tayar baya, wadda mutane da yawa suke rainawa saboda motar ba ta da gudu, ga shi a filin wasa da wuya ta wuce kilomita 24 a awa ɗaya. Wannan raini kuskure ne, domin ƙarar shaida ce da ke nuna inda ciwo yake, kuma wanda ya saurare ta da kyau kafin ya ɗauki sifana zai tsira daga sayen kayan gyaran da ba ya bukata.

Tsarin bayan motar

Tayoyin baya suna ɗauke da nauyin aiki uku a lokaci guda: su ne suke tura motar, a kansu birki yake, kuma a kansu mafi yawan nauyin injin da kaya da fasinjojin baya yake sauka. A motar da ke aiki da batir, wadda galibi take da ƙarfin bolt 36 ko 48, injin lantarkin a ɗaure yake kai tsaye a jikin akwatin giya, wato wani kasko na ƙarfe mai ɗauke da mai da giyoyi, wanda yake rage saurin juyin injin kimanin sau goma sha biyu, sannan ya raba juyin tsakanin dama da hagu yadda kowace taya za ta iya juyawa da saurinta a kan kwana. Daga wannan akwati sandunan aksul biyu suke fita, kowanne yana juyawa a cikin boris, wato zoben ƙarfe mai ƙananan ƙwallaye a ciki da ke rage gogayya, a kusa da shi kuma akwai zoben roba da ke hana man giya tsiyaya. A samfura da yawa bakin aksul yana da tsaga-tsaga masu kama da haƙora waɗanda suke shiga cikin irinsu a cibiyar da ake ɗaura taya, sai a ɗaure su da babban noti wanda ake soke shi da ɗan siririn ƙarfe mai ƙafa biyu domin kada ya warware. A yawancin samfura birkin na kasko ne, wato lainin biyu masu lanƙwasa ne suke buɗewa su matse cikin kaskon idan waya ta ja su, kodayake samfurin RXV mai batir na E-Z-GO a jikin injin birkinsa yake.

Sauraro kafin kwancewa

Matakin farko shi ne a tuƙa motar a hankali a kan shimfiɗaɗɗen wuri marar hayaniya, a lura da lokacin da ƙarar take zuwa da lokacin da take ɗaukewa, domin kowane sashe yana da irin kukansa. Idan ƙas-ƙas ce da ke maimaituwa sau ɗaya a kowane zagayen taya, to zargi yana kan notin taya da ya saki, ko tsakuwa da ƙusa a jikin roba, ko wilin da ya lanƙwashe. Idan gurnani ne mai ƙaruwa tare da gudu, wanda kuma yake canzawa a kan kwana, to alamar boris ce, kuma da yake nauyin mota yana komawa gefen waje yayin shan kwana, gurnanin da ya tsananta idan an karya hagu yana nuni ga boris ɗin dama. Idan ƙarar gurzar ƙarfe ce ko kuwwa mai tsini wadda take sauyawa da zarar an ɗan taɓa birki, to matsalar tana cikin kaskon birki. Ƙwanƙwasa guda mai nauyi da ake ji yayin tashi, ko yayin sauyawa daga gaba zuwa baya, tana nuna cewa haƙoran cibiya sun fara cinyewa, alhali ƙarar da ba ta zuwa sai an faɗa rami ko gargada ta fi kama da ta sifirin da robobinsa ko shokazoba. Kukan da yake bin totur, ya tashi idan an taka, ya sauya idan an ɗaga ƙafa, daga akwatin giya ko mahaɗar injin yake fitowa, ko da kunne ya jingina shi ga taya.

Bincike a kan jak

Kafin a ɗaga motar wajibi ne a zare makulli, a mayar da makunnin da ke kashe wutar motar lokacin jan ta zuwa matsayin ja idan motar tana da shi, a cire babbar wayar batir, sannan a cire zobe da agogo saboda haɗarin wuta. Dole ne kuma a sa waigi gaba da bayan tayoyin gaba, domin birkin ajiya a tayoyin baya kaɗai yake aiki, saboda haka da zarar sun bar ƙasa babu abin da ke riƙe da motar. Ba a dogara da jak shi kaɗai, sai an tokare motar da ƙafafun ƙarfe.

Bayan haka sai a kama tayar sama da ƙasa a girgiza ta, domin lafiyayyen boris ba ya barin ta ta yi wasa, sannan a juya ta da hannu a saurara ko za a ji gurza ko tsayawa a wani wuri. Idan an kwance notoci huɗun an cire taya, abin da ido zai fara nema shi ne jan gari mai kama da tsatsa a kewayen babban noti, wanda yake nuna cewa cibiya da aksul sun daɗe suna cin juna. Idan abin ya yi nisa haƙoran sukan shafe gaba ɗaya, har a ji injin yana ruri amma motar ba ta motsi, a ga bakin aksul yana juyawa a cikin cibiya taya kuwa tana tsaye, dalili kuwa shi ne akwatin giya yana tura juyi ne zuwa gefen da ba shi da turjiya. A cikin kaskon birki kuma ana duba kaurin lainin, da ƙananan sifirin da ke mayar da su, da wayar birki ko ta cije, da kuma danshin mai. Ƙurar da ke ciki ba a hura ta da baki ko da iska, sai dai a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, domin shaƙar ta na cutar da huhu.

Gyara

Ƙa'idar gyara ita ce a fara daga waje zuwa ciki, daga mai araha zuwa mai tsada. Notocin taya ana ɗaure su ne bi da bi, ɗaya sannan wanda ke fuskantarsa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, gwargwadon adadin da littafin motar ya faɗa. Cibiyar da haƙoranta suka cinye ba ta gyaruwa, sai dai a sauya ta, a kuma duba haƙoran aksul ɗin, a ɗaure babban noti yadda ya kamata, a soke shi da sabon ƙarfe, domin sakin wannan noti ne yake jawo cinyewar tun farko. Lainin birki ana sauya na dama da na hagu tare domin kada motar ta riƙa fizga gefe ɗaya, kuma lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai an sauya shi tare da zoben robar da ya bar man ya tsiyayo. Sauya boris yana bukatar a cire zoben ƙarfen da ke kulle shi, a zaro aksul, a matsa sabon a hankali ba tare da an buga shi da guduma ba, domin bugu yana raunata shi tun kafin ya fara aiki. Idan kuwa an tsiyaye man giya aka ga ɓarɓashin ƙarfe yana ƙyalli a ciki, to aikin ya wuce na gida, sai a kai wa makaniken da ya san irin wannan akwati.

Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, kuma motar da take ɗaukar yara da tsofaffi, wadda dukkan birkinta yake a baya, ba ta cancanci a yi mata sakaci ba. Abin da ya dace ga mai ita shi ne ya ajiye ta daga ranar da ya ji sabuwar ƙara har sai ya gano tushenta, ya kuma saba da duba ɗaurin notoci da iskar taya da man giya a kan kari, domin gyaran da noti ɗaya zai wadatar a yau zai iya cinye kuɗin aksul da cibiya da birki idan aka jinkirta shi.