Jeren Ɗakin Amarya da Aikin Hannu

Duk wanda ya taɓa aurar da 'ya a ƙasar Hausa, ko ya zauna a gidan da ake shirin aurarwa, ya san cewa daga cikin ranakun biki babu wadda ke hana uwar amarya barci kamar ranar jere, watau ranar da gwaggwanni da innoni da aminan uwa za su ɗunguma zuwa gidan ango tun da sassafe, su share, su goge, su kafa gado, su rataya labule, su jera kwanuka, har ɗakin da jiya yake fayau ya koma abin da dangin miji za su shigo su gani, su fita suna magana. Maganar nan da za a fita ana yi ita ce asalin fargabar, domin a shari'ar mata ɗakin amarya shaida ne a kan gidan da ta fito, kuma shaida ce wadda ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

A 'yan shekarun nan mas'alar ta ƙara nauyi. Tun da aka janye tallafin man fetur a Nijeriya a watan Mayu na 2023, darajar naira kuma ta faɗi a bayansa, kuɗin gado da kujeru da labule ya yi tashin da albashin magidanci bai bi shi ba, har ya zama akwai 'yan mata da yawa da suka sami manema, aka yi baiko, amma aka yi ta ɗaga ranar aure saboda kayan ɗaki kaɗai. Hujja a kan haka ba ta da nisa: sa'ad da Gwamnatin Jihar Kano ta ɗaura auren gata na mutum 1,800 da matansu a watan Oktoba na 2023, gado da katifa suna cikin manyan abubuwan da ta ɗauke wa iyaye, don ta san nan ne gizo ke saƙa.

Kada mai karatu ya zaci gasar jere bidi'a ce ta wannan zamani. Kakanninmu ma sun yi ta, sai dai kayan gasar ne suke sauyawa. An yi zamanin ƙore, lokacin da arzikin amarya shi ne jerin ƙwarya fara tas, babba a ƙasa ƙarama a bisa, kowace da faifanta. Aka zo zamanin tasa ta tagulla irin wadda maƙeran Bida suka shahara da ita. Sa'an nan kwanon fenti ya shigo daga ƙasashen waje, aka cika bango da kumbo da fanteka da samira tun daga ƙasa har rufi, alhali galibinsu ba za a taɓa zuba tuwo a ciki ba. Daga bisani kabet ya kore su, da tangaran da kuloli a bayan gilashi. Kalmar lefe kanta, wadda yau ke nufin jerin akwatuna masu taya, asalinta sunan kwando ne da ake saƙawa da kaba. Bambancin da ke tsakanin da da yanzu yana wajen lokaci. Uwa ta dā tana fara tanadi tun yarinya tana goye, ta sayi kwano ɗaya da ribar ƙuli-ƙuli, ta ɗauki adashi ta ƙara biyu, ta saƙa faifai da rana bayan an sauke tukunya, ta kai wa ƙawa gudummawa a bikinta da sanin cewa za a rama mata, ta yadda ranar da aka sa rana ɗakin ya riga ya haɗu a ƙarƙashin gadonta shekara goma da suka wuce. Mu kuwa muna so mu saya a wata guda abin da su suka tara a shekaru, shi ya sa ake sayar da gona, ko a ci bashin da za a haifi jika ba a gama biya ba.

Malamai sun sha tunatar da mu abin da aka ruwaito game da kayan ɗakin Nana Faɗima, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa bai wuce mayafi da matashin kai na fata da aka cusa da zaren dabino, da salkar ruwa, da dutsen niƙa da tuluna ba. Ban kawo wannan don in haramta wa kowa ado ba, gama ƙawata ɗaki halal ne, kuma yana daga cikin abin da ke sanyaya zuciyar yarinyar da aka raba da gidan ubanta. Abin da shari'a ta zarga shi ne israfi da riya. Na kawo shi ne don a lura cewa kusan kome a cikin lissafin nan aikin hannu ne, na fata da zare da yumɓu, irin wanda har gobe akwai masu yinsa a unguwanninmu.

Bari mu fara daga inda magabata ke farawa, watau ƙasa da bango, domin ɗakin da daɓensa ya yi kyau, bangonsa ya yi haske, ya riga ya sami rabin ƙawarsa tun ba a shigo da tsinke ba. A ƙauyuka har yanzu akan yi gayyar daɓe: a zuba tsakuwa ko marmara, a yayyafa ruwa, matan unguwa su durƙusa a jere da madaɓai suna bugu suna waƙa, sa'an nan a bi da ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, shi ne ke sa daɓen ya yi ƙarfi, ya yi duhu mai sheƙi, ya daina tashin ƙura. Ladan ma'aikatan fura ce da goro da alkawarin ramuwa. Bango kuwa farar ƙasa ta wadatar, muddin an jiƙa ɗan ƙaro an gauraya a ciki don kada ta riƙa bin rigar mai jingina, wasu kuma sukan ɗiga shuni kaɗan don farin ya fito. Wanda ɗakinsa na siminti ne, fentin ruwa mai launi ɗaya ya ishe shi, in ya so ya yanka siffar dagi a jikin kwali, ya ɗora a bango, ya bi ramin da soso da wani launi dabam, ya zagaye ɗakin da ita a saman tagogi. Mai neman samfurin zayyana ba ya bukatar littafi: ya je ya tsaya a gaban tsofaffin gidajen birnin Zariya, ko Gidan Makama a Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya cika idonsa ya dawo.

Sai faifai, wanda a ganina shi ne sarkin adon talaka, kuma an zalunce shi da aka bar shi a bakin ƙwaryar fura kawai. Ana naɗa ciyawa ne a bi ta da kaba ana ɗinkewa da basilla, zagaye bisa zagaye daga cibiya zuwa baki, kuma launukansa na asali duk daga gona da daji suke: ja daga karan dafi, wanda majema ma da shi suke rina fata, shuɗi daga baba, ruwan ɗorawa daga saiwar rawaya ko gangamau. Idan aka sami faya-fayai bakwai ko tara masu girma dabam-dabam, aka kafa babban a tsakiyar bangon da ke fuskantar ƙofa, aka watsa ƙananan kewaye da shi ba tare da an tsananta daidaita su ba, to duk wanda ya ɗaga labule a kansu idonsa zai fara sauka. Sharaɗi guda ne: a duba bayan faifan kafin a saya, domin gwanar saƙa a baya ake gane ta, inda ba a ganin bakin kaba yana leƙowa. Haka tabarmar kaba mai launi, in an shimfiɗa ta a gaban gado, da asabari a bakin ƙofa, da adudu a lungu maimakon kwandon roba.

Ƙwarya tana bukatar haƙuri fiye da faifai. Ana fafe duma bayan ya bushe sarai, a kankare cikinsa, a jiƙa shi har ɗacin ya fita, sa'an nan a yi masa ado ta ɗayan hanya biyu: ko a sassaƙa zane da wuƙa mai tsini a shafa alli ko garin gawayi da ɗan mai a cikin ramin don ya fito, ko kuwa a gasa bakin wuƙa a wuta a riƙa ƙona zanen, wanda shi ne ba ya gogewa har ƙwaryar ta fashe. Matan Fulani, musamman na wajen Adamawa, sun kai matuƙa a wannan fanni, har jeren ƙorensu shi ne taskarsu. Na ga wata dabara ta 'yan zamani da ta burge ni, inda ake huhhuda ƙwarya da ƙusa bisa tsari, a kifa ta a kan ƙwan lantarki, hasken ya riƙa fita ta hudojin yana zana taurari a rufi. Sai dai a kiyaye, a yi amfani da ƙwan nan na zamani mara zafi, domin busasshiyar ƙwarya da tsohon ƙwai mai zafi gobara ce ke jiran lokacinta.

Fata da tufafi ba sai an tsawaita ba, don sunan ƙasar nan a kansu ya daɗe da tafiya. Baturen nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851 ya tarar da turkuɗi da takalman birnin suna ratsa Sahara, kuma fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa suka daɗe suna saye ta hannun 'yan kasuwar Maroko suna laƙaba mata sunan can. A Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), dukawa suna sayar da tim-tim ba cushe, a naɗe kamar jaka, sai mutum ya kai gida ya cika shi da audugar rimi ko ƙyallayen da tela ke sharewa ya zubar. Biyu ko uku sun tsaya a madadin kujerun da ake cin bashi dominsu. Ƙyallayen atamfa masu ɗan girma kuwa a haɗa su a yi rigunan matasan kai. Labule da zanen gado, a sayi farin alawayyo, a ƙulla shi da zare a gida bisa siffar da ake so, a kai marinar Ƙofar Mata, wadda masu ita ke lissafa kafuwarta daga 1498, a tsoma a baba. In an kwance ƙullin sai fararen furanni su bayyana a cikin shuɗi. A wanke shi shi kaɗai sau biyu ko uku kafin a shimfiɗa, in ba haka ba amarya ta wayi gari da shuɗin kunci.

Wajen taron biki ne almubazzaranci ya fi muni, domin kayan ɗaki ko ba kome suna zama, adon zauren taro kuwa na sa'o'i ne. Na taɓa halartar wata liyafa ta 'yar wani makusancina a wani babban zaure da aka kama da tsada, aka lulluɓe bango da yadi da furannin roba. Wallahi ba mu gama cin abinci ba ma'aikatan mai adon suka fara kwance kayansu a kan idon baƙi, wai akwai wani bikin da ke jiransu, uban amarya kuwa yana tsaye a bakin ƙofa yana murmushin da bai kai zuci ba. Tun daga ranar na ƙara ganin girman kamu da wunin da ake yi a tsakar gida. A share fili a yayyafa ruwa, a kafa rumfa, a aro darduma da tabarmi daga maƙwabta kamar yadda aka saba tun fil azal, a rataya luru ko saƙi ko babban zane rinanne a bayan inda amarya za ta zauna, a kafa faya-fayan nan da za a kai ɗakinta gobe a jikinsa, a ajiye tulu biyu da aka shafe da jar ƙasa dama da hagu, a zuba dabino da goro da alewa a ƙore, a sa kaskon turaren wuta a inda iska ke shigowa. Kome a nan ko dai na aro ne za a mayar, ko na amarya ne zai bi ta. Abin rabo ga mahalarta ma, mafici na kaba ko ɗan ƙullin turaren wuta haɗin gida ya fi robar nan mai hoton ango da amarya, wadda ƙarshenta wanke-wanke a bakin rariya da fuskokinsu a jiki.

Na san abin da wata uwa za ta ce: Malam, kai namiji ne, ba kai za a yi wa gorin kayan ƙauye ba. Gaskiyarki, Hajiya, kuma ban ce a kai yarinya ba katifa mai kyau da tukwane masu ƙwari ba. Waɗannan a saya, a sayi nagari, da kuɗin da aka tsimi daga furen roba. Amma ki shiga manyan masaukan baƙi na Abuja ko Yamai ki ga abin da suke kafawa a bango, za ki tarar da faifan nan ne da ƙwaryar nan, an saye su da araha a hannun matan karkara an sa musu gilashi. Abin da ke mai da aikin hannu abin gori shi ne a yi shi a gurguje, ko a cunkusa shi ba tsari. In an zaɓi launi biyu ko uku aka tsaya a kansu, aka bar wa bango wurin shan iska, mai gorin ma sai ta tambayi inda aka samo. Idan kuma an je saye wurin masu saƙa, a ji tsoron Allah wajen tayi, domin faifai mai kyau yakan ci wa mace kwanaki.

Saboda haka, iyaye mata da ke da 'yan mata a gabansu, ku raba aikin tun yanzu: gwaggo ta ɗauki faya-fayai, inna ta ɗauki zanen gado da kwarashi, amarya da ƙawayenta su riƙa bi wurin tela suna tara ƙyalle. Wadda kuma ke sa ran biki bayan kaka, ta tuna cewa duma da damina ake shuka shi, a gindin danga ko a jikin rumfa, kuma sai ya bushe a kan uwarsa kafin a fafe.