Barci bashi ne: wanda ya ci dare, zai biya da rana

Tambayar farko da Bahaushe yake yi wa ɗan'uwansa in gari ya waye ita ce: "Ina kwana?" Amsar kuma ba ta sauyawa, kowa "lafiya lau" yake cewa, ko da kuwa awa 4 kawai ya runtsa. Amma wanda ya leƙa biro da misalin ƙarfe 11 na safe, ko ya ratsa babbar kasuwar Maraɗi bayan azahar, zai ga wata amsar dabam a fuskokin mutane: ma'aikaci yana gyangyaɗi bisa takardu, ɗan kasuwa yana ƙirga kuɗi sau uku lissafi bai daidaita ba, yaro a lakwal ya kifa kai bisa tebur. Mun saba kiran wannan kasala ko lalaci. Sau da yawa kuwa bashin barci ne ake biya.

Lissafi mai sauƙi

Ƙungiyar likitocin barci ta ƙasar Amurka ta fitar da ma'auni a shekarun 2015 da 2016, wanda likitoci ke aiki da shi a ƙasashe da dama. Baligi yana bukatar aƙalla awa 7 a kowane dare. Matashi mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar awa 8 zuwa 10, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuwa awa 9 zuwa 12. Mai shekara 3 zuwa 5 yana bukatar awa 10 zuwa 13, har da barcin rana.

To, ya mai karatu, mu sa wannan ma'auni bisa rayuwarmu. A nan Nijar lokacin tashi ba a hannunmu yake ba. A Yamai ana kiran sallar asuba tsakanin ƙarfe 5 da ƙarfe 6, gwargwadon lokacin shekara. A Damagaram alfijir yana riga na Yamai ketowa da kusan rabin awa. Bayan salla ga kasuwa, ga biro, ga kai yara lakwal. Tun da safiya ba ta matsawa, wurin da ya rage a nemo barci shi ne farkon dare. Magidancin da zai tashi ƙarfe 5, in yana son awa 7, sai ya kwanta ƙarfe 10. Wanda ya kai ƙarfe 1 yana hira ya ci bashin awa 3, kuma in haka yake yi kullum, cikin mako guda bashin ya kai awa 21, wato barcin dare uku cur.

Abin da jiki yake yi in mun kwanta

Barci aiki ne da jiki yake yi bisa tsari. Yana tafiya zagaye-zagaye, kowane zagaye kusan minti 90, sau 4 zuwa 6 a dare. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare. A cikinsa ne bugun zuciya yake lafawa, ƙarfin jini ya sauka, jiki ya fi fitar da sinadarin da ke sa yaro girma, yake kuma gyara tsokar babba. Wajen asuba sai barcin mafarki ya yawaita, wanda masana biyu, Aserinsky da Kleitman, suka gano a birnin Shikago a 1953. Cikin waɗannan matakai ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana. Shi ya sa ɗalibin da ya kwana bisa littafi daren jarrabawa yakan wayi gari karatun ya tsere masa.

Illar taƙaita barci ba ta tsaya ga hamma ba. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2015, an ɗiga wa mutane masu lafiya ƙwayar cutar mura a hanci. Waɗanda suke barci ƙasa da awa 6 sun kamu kusan ninki 4 fiye da masu wuce awa 7. Likitoci sun kuma lura cewa hawan jini, ciwon sukari da ƙiba sun fi yawa ga mutanen da suka daɗe suna gajarta barcinsu.

Masu cinye mana dare

Na farko shi ne shayi. Babu unguwar da ba ta da fadarta, inda samari, har da magidanta, suke kewaye buta bisa gawayi, a sha na farko, a sha na biyu, a jira na uku. Zumunci ne mai kyau, sai dai ganyen shayi yana ɗauke da kafeyin, kamar yadda goro da Nescafé suke ɗauke da shi. Jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabin abin da aka sha, saboda haka shayin ƙarfe 10 na dare yana nan cikin jini har ƙarfe 3. Wani bincike na 2013 ya nuna cewa kafeyin mai yawa, ko da awa 6 kafin kwanciya aka sha shi, yana rage barci da fiye da awa guda, kuma mai shan ba lalle ne ya lura ba. Wanda yake cewa shi shayi ba ya hana shi barci, ya sani ido yana iya rufewa alhali barcin bai yi nauyi ba. Dabarar ita ce a mai da buta zuwa safiya da hantsi, goro kuma a tsai da shi daga la'asar.

Na biyu ita ce wayar salula. Jiki yana da agogonsa, kuma haske ne yake saita shi: in duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa ta saki wani sinadari mai suna melatonin wanda ke kiran barci, in haske ya yi yawa sai ta jinkirta. Ban da hasken, saƙonnin WhatsApp da bidiyoyin TikTok ba su da ƙarshe, kuma labarin faɗuwar kuɗi ko tsadar kaya da aka karanta bisa katifa ba ya barin zuciyar ɗan kasuwa ta kwanta. A ajiye waya nesa da shimfiɗa awa guda kafin barci. Cinikin da ya kai tsakar dare zai iya kaiwa safiya.

Na uku shi ne zafi, kuma wannan ba laifin kowa ba ne. Kafin barci ya zo sai zafin cikin jiki ya ɗan sauka. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da rana take wuce digiri 40 a Yamai da Tawa da Ƙwanni, ɗakin siminti mai rufin kwano yana riƙe zafi har tsakar dare, in kuma wuta ta ɗauke fanka ta tsaya. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa dare mai zafi ya fi rage barcin tsofaffi, mata da mutanen ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Dabarun iyayenmu har yau suna da amfani: a yayyafa ruwa a tsakar gida da magariba, a watsa ruwa a jiki kafin kwanciya, a fito da shimfiɗa waje. Sharaɗi guda ne, a ɗaura sange, wato gidan sauro, ko a waje ne, domin sauron da ke kawo zazzaɓi da dare yake cizo.

Haƙƙin yara

Yaro ba ya zaɓar lokacin kwanciyarsa, tsarin gida ne yake zaɓar masa. Ɗan shekara 8 da za a tashe shi ƙarfe 6 ya kamata ya kwanta kafin ƙarfe 9. Amma sau nawa muke ganin irinsa gaban tele tare da manya har ƙarfe 11, ko kuwa yarinya da tire bisa kai tana talla bakin tasha? Abin da iyaye da yawa ba su sani ba shi ne, yaron da barci bai ishe shi ba ba kullum yake gyangyaɗi ba. Sau da yawa rigima yake yi, da ƙiriniya, da rashin natsuwa a aji. Sai a ɗauko bulala, alhali maganinsa tabarma ce. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban tele ko waya, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa guda a yini. Jariri kuwa a kwantar da shi rigingine, bisa shimfiɗa marar laushi sosai, ba tare da matashi ko tarin zannuwa kusa da fuskarsa ba. Lokaci guda kowane dare, wanka, tatsuniya, kashe fitila: wannan ya ishi yawancin yara.

Rai bisa hanya

Inda bashin barci ya fi tsada shi ne bisa kwalta. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, kuma motocin fasinja tun kafin asuba suke tashi. Masana a ƙasar Ostareliya sun nuna a 1997 cewa mutumin da ya yi awa 17 bai yi barci ba, hankalinsa da saurin hannunsa suna raguwa kamar na wanda ya sha giya. Motar da ke gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 cikin daƙiƙa guda. Direban da ido ya ɗauke shi daƙiƙa 4 ya yi mita 100 ba mai tuƙi. Goro da shayi suna jinkirta barci ne kawai, tramol kuwa yana jawo jaraba da farfaɗiya. Ɗan kasuwar da ya tilasta wa direbansa ya sauke kaya ya juyo a daren, dukiyarsa da ran mutane ya sa a caca.

Yaushe za a je likita?

Ƙailula tana taimako, muddin ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, kuma aka yi ta kafin la'asar. Amma akwai matsalar da ta fi ƙarfin dabarun gida. Mutumin da yake minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana yankewa yana dawowa, ya tashi da ciwon kai, ya yini yana gyangyaɗi, ya kamata ya ga likita, musamman in yana da ƙiba ko hawan jini. Uwargida ce takan fara lura da wannan, kuma maganarta abin saurare ce. Haka nan wanda ya yi wata 3 barci yana gagarar sa dare 3 ko fiye a mako. Ƙwayoyin sa barci da ake saye hannun ƴan talla suna kama mutum, barinsu kuma wuya gare shi.

Ba jika ko dala za a kashe ba. Abin da ake bukata shi ne maigida ya ƙirga awa 7 baya daga kiran asuba, ya riƙe wannan lokaci kamar yadda yake riƙe lokacin buɗe shago, ya kuma fara da kansa kafin ya kori yara zuwa shimfiɗa. Allah ya ba mu lafiya, ya sa mu kwana lafiya.