Baƙin ramin da ya farka bayan shekara 26

Ranar 15 ga Yuni, 2015, wani tauraron ɗan'adam na hukumar NASA mai suna Swift ya tsinkayi haske mai ƙarfi daga ɓangaren rukunin taurarin da ake kira Cygnus. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe masana taurari, kowa ya juya na'urarsa wuri guda. V404 Cygni ne ya motsa, bayan shekara 26 bai ce uffan ba.

V404 Cygni abubuwa biyu ne masu zagaye juna. Ɗaya baƙin rami ne, wato gawar wani ƙaton tauraro da makamashinsa ya ƙare, ya rufta cikin kansa, ya dunƙule har ƙarfin janyowarsa ya kai ko haske ba ya kuɓuta daga gare shi. Nauyinsa ya kai na rana tara. Ɗayan kuwa tauraro ne da bai kai ranarmu nauyi ba, yana kewaya ramin sau ɗaya cikin kwana shida da rabi. Nisansu kuwa, haske sai ya yi tafiyar shekara kusan 7,800 kafin ya iso mu.

To, abin da ba ya sakin haske, ina ya samo wannan walƙiya? Daga abincinsa. Kusancinsu ya sa ramin yana zuƙe iskar gas daga jikin maƙwabcinsa. Gas ɗin ba ya faɗawa kai tsaye; yana juyawa ne ya zama wani faifai mai faɗi kewaye da ramin, ya yi ta taruwa shekara da shekaru, kamar ruwa a bayan madatsa. Idan ya cika ya batse, zafinsa ya kai wani mataki, sai ya fara goga juna da ƙarfi, ya kwararo ciki gaba ɗaya. A bakin ramin zafin yana kai miliyoyin digiri, kuma abu mai irin wannan zafi hasken eksire yake fitarwa, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Iskar da ke lulluɓe da duniyarmu tana tare wannan haske, shi ya sa sai an harba na'ura sama ake ganinsa.

Abin da ya girgiza masana a 2015 shi ne yadda hasken ke tashi yana faɗuwa. Cikin mintuna ko 'yan sa'o'i sai ya bunƙasa, sai ya dusashe, sai ya sake tasowa. Tauraron ɗan'adam INTEGRAL na hukumar sararin samaniya ta Turai ya ga lokutan da ya ninka hasken Crab Nebula, wanda shi ne ma'aunin da ake gwadawa da shi, har sau 50. A waɗannan lokuta babu abin da ya kai shi hasken eksire a duk sararin sama.

Nan ne abin ya fi burge ni. Mun saba jin cewa baƙin rami haɗiye komai yake yi, amma wannan ya kasa cinye abin da aka zubo masa. Ƙarfin hasken kansa ya riƙa ture gas ɗin waje kamar guguwa, har ya katse hanyar abincin, cikin kimanin mako biyu wutar ta lafa. Wani kason kuma ya feso shi ta gefe biyu da gudu mai tsanani. A 2019 ƙungiyar James Miller-Jones ta nuna cewa wannan feshi yana sauya alƙibla cikin sa'o'i, kamar katantanwar da yara ke juyawa idan ta fara tangaɗi.

An taɓa ganin tashin V404 Cygni a 1938, aka ɗauka tauraro ne kawai. A 1989 tauraron ɗan'adam Ginga na Japan ya kama eksirensa, sannan a 1992 Jorge Casares da abokan aikinsa suka nuna, daga tsibirin La Palma, cewa nauyin abin ɓoyen ya wuce na komai sai baƙin rami. A 2015 kuwa har masu kallon taurari don sha'awa sun shiga aikin: da madubin hangen nesa mai faɗin santimita 20, daga bayan gidajensu, sun ga ɗigon haske yana ƙyaftawa, kuma masana a Jami'ar Kyoto sun yi amfani da ma'aunansu wajen fahimtar yadda gas ɗin ke gangarawa cikin ramin.