Ƙurar Asbesto: Abin da Ya Sami Masu Ƙera Jiragen Ruwan Soja, da Abin da Ya Shafe Mu

Akwai cutar da take shiga jikin mutum yau, amma ba za ta nuna kanta ba sai bayan shekara 20, 30 ko 40. Mutum ya bar aiki, ya koma gida, ya aurar da 'ya'yansa, sa'an nan numfashi ya fara gagararsa. Ƙurar asbesto ce take kawo irin wannan cuta. Cikin waɗanda suka fi shan wahalarta akwai masu ƙera jiragen ruwan yaƙi da sojojin ruwa na Faransa, Ingila da Amurka. Mu nan nesa muke da teku, amma asbesto yana kan rufin gine-ginenmu da yawa, kuma mazanmu suna zuwa neman kuɗi a tashoshin jiragen ruwa irin su Duwala, Legas da Tema. Saboda haka labarin waɗannan ma'aikata darasi ne a gare mu.

Mene ne asbesto?

Asbesto wani irin dutse ne da ake haƙowa daga ƙasa. Da Faransanci ana ce masa amiante. Idan aka farfasa shi yakan rabu zare-zare kamar auduga. Ba ya cin wuta, ba ya ruɓewa, ba ya tsatsa, ga shi da araha. Akwai fari, akwai shuɗi, akwai mai ruwan ƙasa, kuma dukansu suna kawo ciwon daji. A da an haƙa shi sosai a Kanada, Afirka ta Kudu da Zimbabwe. Har yanzu ana haƙarsa a Rasha, Kazakistan da Sin.

Ana cuɗa shi da siminti a yi kwanon rufi, silin da bututun ruwa. Ana sa shi a birkin mota da kulocinta. Ana kuma naɗe duk abin da yake ɗaukar zafi da shi.

Me ya kai shi cikin jiragen ruwa?

A tsakiyar teku babu abin tsoro kamar gobara, balle a jirgin yaƙi da yake ɗauke da mai da harsashi. Jiragen dā kuma da tururi suke tafiya, cikinsu cike da tukwanen injin da bututu masu zafin gaske. Don haka aka naɗe bututun da asbesto, aka lulluɓe tukwanen da shi, aka fesa shi a bangon ɗakuna.

Cikin jirgi wuri ne matsattse, babu iska sosai. Idan mutum ɗaya yana yanka asbesto, duk wanda yake wurin yana shaƙar ƙurar: mai walda, mai gyaran lantarki, kafinta, mai fenti, har da mai shara. Gyaran tsohon jirgi ya fi ƙera sabo haɗari, domin sai an kankare tsohon asbesto da ya bushe ya yi gari. Sojojin ruwa kuwa a ƙarƙashin waɗannan bututu suke aiki, a nan suke ci, a nan suke barci.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, fiye da mutum miliyan 4 ne suka yi aiki a wuraren ƙera jiragen ruwa a Amurka. A Faransa, manyan ma'aikatun jiragen soja suna Brest, Cherbourg, Lorient da Toulon. Ƙurar ba ta bar manya ba. Elmo Zumwalt, wanda ya shugabanci rundunar sojan ruwan Amurka daga 1970 zuwa 1974, ciwon dajin asbesto ne ya kashe shi a 2000.

Yadda ƙurar take ɓata huhu

Zaren asbesto ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ido ba ya ganinsa a cikin iska, ba shi da wari, ba ya sa atishawa. Yana wucewa har can ƙarshen huhu ya maƙale. Jiki yana ƙoƙarin narkar da shi, amma dutse ne, ba ya narkewa. Sai wurin ya yi ta kumbura yana tabo, shekara da shekaru. Ga cututtukan da suke biyo baya:

1. Tabon huhu, wanda likitoci suke kira asbestosis. Huhu yana taurara kamar busasshiyar fata. Mutum yana haki idan ya hau tudu, daga baya ko a zaune ma. Yana busasshen tari, wani lokaci kan yatsunsa ya kumbura. Tabon ba ya gogewa, sai dai a sauƙaƙa wa mutum wahala.

2. Kaurin tantanin huhu. Tantanin da ya lulluɓe huhu yana yin kauri a wasu wurare. Yawanci ba ya ciwo, a hoton ƙirji ake ganinsa. Shaida ce cewa mutum ya taɓa shaƙar asbesto.

3. Ciwon dajin huhu. A nan taba sigari take ƙara wa wuta mai. Wani bincike da aka yi a kan ma'aikata a Amurka, wanda aka buga a 1979, ya nuna asbesto kaɗai yana ninka haɗarin wajen sau 5, taba kaɗai wajen sau 10, amma idan suka haɗu wajen sau 50.

4. Ciwon dajin tantani, wato mesoteliyoma. Yana kama tantanin huhu ko na ciki. Ruwa yana taruwa a ƙirji, da ciwo da rama. Kusan kullum asbesto ne sanadinsa, ko da mutum bai taɓa shan taba ba, ko da aikin 'yan watanni ne kawai ya yi. Yawancin masu shi ba su wuce shekara ɗaya ko biyu bayan an gano shi.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ake ɗauka daga mutum zuwa mutum. Kada a ware wa mai ciwon kwano ko ɗaki. Ba kuma sammu ba ne, ba jifa ba ne.

Ƙurar tana bin mutum gida

A 1965, Likita Muriel Newhouse da abokiyar aikinta sun bincika masu mesoteliyoma a Landan. Suka tarar wasunsu ba su taɓa aiki da asbesto ba, gida ɗaya kawai suka zauna da mai aikin. Maigida ya dawo da ƙura a rigarsa da gashinsa, uwargida ta kakkaɓe rigar kafin ta wanke, yara suna wasa a gefe. Haka ƙurar ta shiga ƙirjin waɗanda ba su taɓa taka jirgi ba.

An sani, amma an yi jinkiri

A Afirka aka tabbatar da dangantakar asbesto da mesoteliyoma. A asibitin masu tarin tibi na Kimberley, a Afirka ta Kudu, an lura da wasu marasa lafiya masu ruwa a ƙirji waɗanda maganin tibi ba ya yi musu aiki. A 1960, Likita Christopher Wagner da abokan aikinsa suka buga bayanin mutum 33 masu wannan ciwon daji, kusan dukansu sun yi aiki ko sun zauna inda ƙurar shuɗin asbesto take. Duk da haka aka ci gaba da amfani da shi. Faransa ba ta hana shi ba sai 1997, Ingila ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Afirka ta Kudu a 2008. Har yau fiye da mutum 2,000 suna mutuwa da mesoteliyoma kowace shekara a Birtaniya, saboda ƙurar da suka shaƙa tun suna matasa.

Tsofaffin jirage ma ba su daina zama haɗari ba. A ƙarshen 2005 Faransa ta tura tsohon jirgin yaƙinta Clemenceau zuwa Alang, a Indiya, don a farfasa shi. Aka yi ta ƙorafi a kan asbeston da yake ciki da lafiyar talakawan da za su yi aikin. A Fabrairun 2006 Shugaba Jacques Chirac ya ba da umarni a komo da jirgin.

Diyyar da ake biya

Ma'aikata da matan da mazansu suka rasu sun yi shekaru suna kai ƙara kafin a fara biyansu.

A Faransa, tun 1999 ma'aikatan wuraren da gwamnati ta lissafa, har da wuraren ƙera jiragen ruwa da gyaransu, suna iya barin aiki da wuri, wasu tun suna da shekara 50, ana biyansu wajen kashi 65 cikin 100 na albashinsu. A ƙarshen 2000 aka yi dokar kafa asusun diyya mai suna FIVA. Yana biyan wanda aka tabbatar ciwonsa na aiki ne a ƙarƙashin dokar Faransa, ko wanda ya shaƙi asbesto a ƙasar Faransa, ko ɗan wace ƙasa ne. Idan mutumin ya rasu, iyalinsa suna iya nema. Ana da shekara 10 daga ranar da likita ya fara rubuta cewa asbesto ne sanadin ciwon. Neman kyauta ne, ba dole sai da lauya ba.

A Ingila, tun 2016 tsohon soja mai mesoteliyoma da ya samu a bakin aiki yana iya karɓar fam 140,000 a dunƙule maimakon fansho.

A Amurka, ma'aikatar tsofaffin sojoji, wato VA, tana biyan kuɗi kowane wata tare da magani. Kamfanonin da suka yi kayan asbesto kuma an tilasta musu ajiye kuɗi don marasa lafiya. Babba a cikinsu, Johns-Manville, ya bayyana karyewa a 1982 saboda yawan ƙararraki, aka kafa asusun da yake biyan diyya har yanzu.

A ko'ina abu uku ake tambaya: takardar likita mai sunan cutar, shaidar inda mutum ya yi aiki da shekarun da ya yi, da bayanin likita da ya haɗa ciwon da aikin. Wanda ya yar da takardunsa yakan sha wahala kafin ya sami haƙƙinsa.

A ƙasashenmu, hukumomin inshorar ma'aikata ne suke kula da cututtukan aiki ga waɗanda aka yi wa rajista: CNPS a Kamaru da Chadi, CNSS a Nijar, NSITF a Nijeriya. Ku je ofishinsu da kanku. Ku yi hattara da duk wanda ya ce ku ba shi kuɗi zai fito muku da diyyar Turai.

Abin da za mu yi a gida

Kwanon asbesto da yake lafiya a kan rufi haɗarinsa kaɗan ne. Haɗarin yana zuwa idan aka yanka shi, aka huda shi, aka kankare shi, ko ya farfashe. Kafin a gyara tsohuwar makaranta, majami'a, masallaci ko gida, a tsaya a duba irin rufin.

- Kada a yanka shi da zarto ko inji. A jiƙa shi da ruwa, a kwance ƙusoshi, a sauke shi ɗungum.
- Kada a share garinsa a bushe. A jiƙa, a kwashe, a goge da jiƙaƙƙen tsumma.
- A nisanta yara da masu kallo daga wurin.
- Ƙyalle ko rawani a hanci ba ya tare wannan ƙura. Sai takunkumi na musamman mai lamba P3.
- A cire kayan aikin a wurin, a yi wanka kafin a shiga gida. Kada a kakkaɓe su, kada a haɗa su da wankin iyali.
- Kada a yi murhu, akurki ko cikon hanya da gutsattsarinsa. A naɗe su a leda mai kauri, a tambayi hukumar gari inda za a binne su.
- Makanikai, kada ku hura ƙurar birki da baki ko da iska. Ku goge da jiƙaƙƙen tsumma.
- Shan madara bayan aiki ba ya wanke huhu. Madara ciki take zuwa, ƙura kuwa huhu.

Idan za ku zo asibiti

Duk wanda tarinsa ya wuce mako biyu, ko yana haki, ciwon ƙirji, rama ko tofar da jini, ya zo a duba shi. Za mu fara gwada kakinsa, domin tarin tibi ya fi yawa a nan, kuma yana warkewa da maganin wata shida. Amma ku faɗa mana duk aikin da kuka taɓa yi, ko da shekara 40 ke nan: jirgin ruwa, tashar jirage, aikin soja, gini, gareji, kamfanin kwano. Idan kun sha maganin tibi daidai ba ku ji sauƙi ba, ku dawo a sake dubawa, a ɗauki hoton ƙirji. Ku adana katin aiki, takardar albashi, takardar sallama da hotunan ƙirji a wuri ɗaya, ku nuna wa iyalinku inda suke. Mai shan taba ya bari tun yau, domin wannan ne babban taimakon da zai yi wa huhunsa.

Diyya tana ciyar da marayu, amma ba ta mayar wa mutum numfashinsa. Fastoci, limamai da dattawan gari, ku karanta wa magina, kafintoci da samari masu shirin tafiya neman kuɗi wannan bayani. Idan akwai mai irin wannan ciwo a unguwarku, ku ziyarce shi, ku taimaki iyalinsa da noma da kuɗin mota zuwa asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kiyaye mu duka.