Sunan Lefebvre: Asalinsa da Tarihinsa a Ƙasar Faransa

Gabatarwa

Nazarin sunaye wani reshe ne na ilmin harshe wanda ba a cika kula da shi ba, alhali kuwa suna guda yana iya riƙe tarihin da littattafai suka manta. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce bin diddigin wani sunan zuriya na Faransawa, wato Lefebvre, domin a ga yadda laƙabin mutum ɗaya ya zama gadon dubban iyalai.

Tushen Sunan

Asalin sunan kalmar Latin ce, faber, wadda ke nufin mai aikin hannu da abu mai tauri, kamar ƙarfe ko itace ko dutse. Da Latin ya rikiɗe ya haifi Faransanci, sai kalmar ta koma fevre a arewacin ƙasar, ma'anarta kuma ta taƙaita ga maƙeri. Ita kuwa le da ke farkon sunan, aikinta ɗaya ne da na ɗafa-ƙeyar da ke cikin "maƙerin" a Hausa. Ke nan, Lefebvre ba ya nufin kome face "maƙerin", wato wanda kowa ya sani a ƙauyen.

A da, Bafaranshe sunan baftisma kaɗai yake da shi. Daga wajen ƙarni na 11 zuwa na 13 jama'a ta yawaita, masu suna Jean da Pierre suka cika gari, sai aka shiga bambanta su da laƙabi. Masana irin su Albert Dauzat, wanda ya wallafa ƙamus na sunayen Faransawa a 1951, sun kasa waɗannan laƙubba gida huɗu: sunan mahaifi (Martin, Bernard), wurin zama (Dupont, na bakin gada), siffar jiki (Petit, ƙarami), da kuma sana'a. Lefebvre yana cikin kashi na ƙarshe. Dalilin yawansa kuwa a fili yake. Ba ƙauyen da zai rayu ba tare da mai ƙera garma da lauje da takalmin doki ba. Don haka masu wannan suna ba daga kaka ɗaya suka fito ba. Kowace maƙera tana iya zama tushen nata gidan.

Bambancin Karin Harshe

Kalmar faber ba ta bi hanya ɗaya ba a duk faɗin ƙasar. A arewa an sami Lefebvre da Lefèvre, a yamma Lefeuvre, a kudu Fabre da Faure, a yankin Savoie da Suwizalan kuma Favre. A Gaskoniya, can kudu maso yamma, inda baƙin f yake komawa h, sai aka sami Haure. Ɗalibin Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, tun da ya san yadda "fari" na Kano yake zama "hwari" a bakin Basakkwace.

Akwai kuma batun harafin b. Ba a furta shi ko kaɗan. Malaman rubutu na wajen ƙarni na 15 da na 16 ne suka cusa shi don tunawa da asalin kalmar a Latin, ba su lura cewa v ɗin nan shi ne b na dā da ya sauya ba. Ashe baƙi ɗaya aka rubuta sau biyu. Ita kanta kalmar fèvre ta ɓace daga bakin jama'a, forgeron ta maye gurbinta, sai dai burbushinta a cikin orfèvre, maƙerin zinariya.

Yadda Hukuma ta Daskarar da Sunan

A 1539 Sarki François na Ɗaya ya yi dokar Villers-Cotterêts, wadda ta wajabta wa limaman coci rubuta duk wanda aka yi wa baftisma. A 1792, lokacin juyin juya hali, aka mayar da rajistar hannun hukumomin gari, sannan dokar 1794 ta hana kowa ɗaukar wani suna ban da wanda ke cikin takardar haihuwarsa. Daga nan duk yadda alƙalamin magatakarda ya rubuta, haka jikoki suka gada, ko da kuskure ne. An sassauta daga baya: tun 2005 ana iya ba yaro sunan mahaifiyarsa.

Wasu Masu Sunan

Jacques Lefèvre d'Étaples, wanda ya fitar da fassarar Baibul cikin Faransanci a 1530, yakan rubuta sunansa Faber in yana rubutu da Latin. Lucien Febvre, masanin tarihi, shi da Marc Bloch suka kafa mujallar Annales a 1929. Félix Faure ya shugabanci Faransa daga 1895 zuwa 1899, a zamaninsa ne kuma Faransa da Ingila suka ƙulla yarjejeniyar 1898 wadda ta shata iyaka ta tsakiyar ƙasar Hausa. Bugu da ƙari, ƙaura ta kai sunan Kanada, inda yake da yawa a lardin Kebek. Babu maƙeri ko ɗaya cikin mutanen da aka ambata. Sunan ya rabu da sana'ar tun da daɗewa.

Kammalawa

Darasin da ke nan ya shafe mu. A al'ada Bahaushe ba shi da sunan zuriya. Yakan jingina da mahaifinsa ko garinsu, kamar Aminu Kano da Shehu Shagari. Amma takardun makaranta da na hukuma suna neman suna na dindindin, laƙubba irin su Maikano da Wanzami da Sarkin Fawa kuwa suna shiga rajista. Faransawa sai da suka koma ga Latin kafin su gane ma'anar sunayensu. Mu kuwa dattawan da suka san dalilin kowane laƙabi suna nan da rai. Ya kamata ɗaliban wannan sashe su je su tambaye su, su rubuta, tun kafin a rasa mai ba da amsa.