Tsohuwar Wuƙa a Matsayin Shaidar Tarihi: Ƙirarta da Adana Ta a Ƙasar Hausa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda maƙeran Hausa ke ƙera wuƙa mai kube da hannu, da irin bayanan da ake iya karantawa a jikin tsohuwar wuƙa, da abin da ke samun waɗannan bayanai idan wuƙar ta bar hannun mai aiki da ita ta koma hannun mai tara kayan tarihi. An nuna cewa wuƙa guda aikin masu sana'a ne da dama, kuma sassanta kan fito daga zamuna da wurare daban-daban. Saboda haka adana ta ba tare da sunanta da asalinta ba yakan salwantar da mafi yawan amfaninta ga bincike.

Fitilun Kalmomi: wuƙa, ƙira, maƙera, kube, kayan tarihi

1.0 Gabatarwa

Da wuya a sami gidan Bahaushe da babu wuƙa, kuma wannan yawa nata ne ya sa ba a cika ɗaukar ta abin nazari ba. Takobi ya sami kulawar masana saboda alaƙarsa da sarauta da yaƙi, amma wuƙar mahauci da ta baduku da ta matafiyi sun tsaya a gefen bincike. A daidai wannan lokaci kuwa, masu tara tsofaffin makamai a Turai da Amurka na sayen irin waɗannan wuƙaƙe, suna yi musu laƙabi da sunayen da ba lallai su dace da asalinsu ba. Wuƙar da ake magana a kanta a nan ita ce wadda ruwanta ke kafe a ƙota, ake kuma soka ta a kube, wato ban da ta kanti da ake naɗewa a jefa aljihu.

2.0 Tushen Ƙarfen

Sarrafa ƙarfe tsohon al'amari ne a wannan yanki. Tandunan da Bernard Fagg ya tono a Taruga, cikin yankin al'adar Nok, sun haura shekara 2,000. A Kano ma an gano alamun dafa tama a gindin Dutsen Dala tun wajen ƙarni na 7 Miladiyya, kuma labarin baka ya danganta zaman farko a wurin da maƙeran da suka taso daga Gaya neman tama.

A tsohuwar hanya, akan cika tanderun yumɓu da tama da gawayi, a hura wuta har zafinta ya kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin Selshiyos. Wannan zafi bai isa ya mayar da ƙarfe ruwa ba, domin tsantsar ƙarfe ba ya narkewa sai a digiri 1,538. Abin da ake samu dunƙule ne mai haɗe da datti, wanda maƙeri zai yi ta gasawa yana duka yana ninkawa har kashin maƙera ya fita. Nicole Echard ta yi nazarin wannan aiki a tsakanin Hausawan Adar ta Jamhuriyar Nijar a shekarun 1960, lokacin da ya riga ya fara ja da baya.

Tushe na biyu shi ne fatauci ta Sahara. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 kasuwar birnin a kowace shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus, sannan a yi musu ƙota da kube a nan gida. Takobin da ya karye kuwa ba a yar da shi; akan yanke ruwan a mayar da shi wuƙa.

Tushe na uku ya zo da mulkin mallaka. Bayan layin dogo ya isa Kano a 1911, tsofaffin ƙarafan jirgin ƙasa, daga bisani kuma na motoci, sun wadata har dafa tama ta zama wahala marar riba. Philip Jaggar, a littafinsa na 1994 kan maƙeran birnin Kano, ya bi diddigin yadda suka rungumi wannan sauyi. A yau sifirin mota shi ne ƙarfen da maƙeri ya fi so wajen yin wuƙa.

3.0 Matakan Ƙira

Kayan aikin maƙerin baƙi sanannu ne: uwar maƙera, masaba, guduma, awartaki, kurfi, magagari da zugazugi. Gawayin ƙirya ya fi karɓuwa saboda yana daɗewa yana ci kuma yana ba da zafi mai ƙarfi. Maƙeri kan yanko ƙarfe daidai tsawon da yake buƙata, ya tura shi wuta yaro na zuga, sai ya yi ja ya ciro shi da awartaki. Da duka yake miƙar da shi, ya fitar da tsini, ya sirantar da gefen da zai zama kaifi, ya kuma ja ɗaya ƙarshen ya zama siririyar wutsiya wadda za ta shige ƙota. Karin maganar nan ta "da zafi-zafi ake dukan ƙarfe" bayani ce ta zahiri a nan, domin ƙarfen da aka ci gaba da duka bayan ya huce yakan tsage.

Matakin da ke bambanta gwani da ɗan koyo shi ne na taurara ruwan. Akan mayar da shi wuta har ya kai wajen digiri 800, sannan a tsoma shi nan take cikin ruwa ko mai. Sanyayawar gaggawa ce ke sa ƙarfen ya yi tauri, amma sai in akwai isasshen sinadarin kabon a cikinsa. Sifirin mota na ɗauke da kimanin kashi 0.6 cikin ɗari, shi ya sa yake karɓar wannan aiki. Ƙarfen tama kuwa kabon ɗinsa ba daidai yake a ko'ina ba, wani sashe ya taurara wani ya ƙi. Ruwan da aka taurara kuma yakan zama mai saurin karyewa kamar tangaran, don haka ake sake ɗumama shi kaɗan, wajen digiri 200, ya sami juriya. Maƙerin gargajiya ba shi da ma'aunin zafi. Launin ƙarfen a cikin inuwar rumfa da amonsa a kan uwar maƙera su ne ma'auninsa, kuma wannan sani ne da ba ya samuwa sai da daɗewa a gindin wuta.

Da ruwa ya kammala, aiki ya koma wasu hannuwa. Ƙotar itace ko ta ƙaho ce za a huda, a gasa wutsiyar a cusa ta. Idan wuƙar ta ado ce, maƙerin fari zai sa mata zobban tagulla ko na azurfa. Baduku ne zai ɗinka kube da fatar da majema suka jeme da bagaruwa, aka rina ta ja da karan dafi. Ke nan wuƙa guda na iya ratsa hannun masu sana'a huɗu ko biyar kafin ta isa rumfar mai sayarwa a kasuwa irin ta Kurmi.

4.0 Karanta Tsohuwar Wuƙa

Wannan rabon aiki shi ne mabuɗin fahimtar tsohuwar wuƙa, domin sassanta uku ba sa tsufa tare. Kube ne ke fara lalacewa, akan kuma sake shi sau da yawa. Ƙota kan tsage a canza ta. Ruwa kuwa yana iya wuce shekara ɗari. Don haka wuƙar da ke hannun mai bincike na iya kasancewa da ruwan ƙarni na 19, ƙotar zamanin mulkin mallaka, da kuben da aka ɗinka shekara ashirin da suka wuce. Duk wanda ya ba ta shekara guda ya yi kuskure, ko da ya dace a sashe ɗaya.

Ruwan da aka yi da ƙarfen tama yakan nuna siraran layuka a tsawonsa, kamar zaren itace, waɗanda ragowar datti ne da duka ya miƙar. Na sifirin mota sumul yake. Wanda aka yanko daga takobi kuma yakan zo da kwarmin tsakiya da ya zarce har tsini ko ya shige ƙota ba tare da ya ƙare yadda maƙeri zai ƙare shi ba. Yawan washi ma shaida ne: wuƙar mahauci da ta yi shekaru tana aiki takan rame a tsakiya, ta ado kuwa faɗinta na nan yadda aka ƙera shi.

Tambarin da ke jikin ruwa na buƙatar taka tsantsan. Maƙeran Jamus sun yi amfani da alamar kyarkeci mai gudu, kuma ana yawan ganin alamar jinjirin wata biyu a takubban Sahara da Sudan ta Tsakiya. Sai dai maƙeran gida sun kwaikwayi waɗannan alamu a kan nasu ruwan, saboda masu saye sun ɗauke su shaidar nagarta. Lloyd Cabot Briggs ya tattauna batun ruwan Turai a takubba da wuƙaƙen Buzaye a 1965. Abin lura shi ne tambari kaɗai ba ya tabbatar da inda aka ƙera ruwa, sai an haɗa shi da nau'in ƙarfen da salon dukan.

5.0 Matsalar Suna

A kasuwar masu tara makamai, wuƙar da ake ɗaurawa a hannu da zoben fata ana yawan kiran ta da sunan da Buzaye ke kiran ta, wato telek, a kuma jingina ta gare su kai tsaye. Alhali bayanin Barth ya nuna cewa kasuwar Kano ce ke wadata Buzaye da Fulani da Nufawa da Barebari da Hausawa kansu da makamai. Wanda ya ɗaura wuƙa daban, wanda ya ƙera ta daban, wanda ya yi mata kube daban. Kusancin kalmar takobi ta Hausa da takoba ta Buzaye ma alama ce ta wannan daɗaɗɗiyar cuɗanya. Laƙabin ƙabila guda a kan irin wannan kaya yakan shafe gudummawar maƙera da dukawan Hausa daga tarihin abin da suka yi da hannunsu.

Hasarar ba ta tsaya nan ba. Hausa ta bambanta wuƙa da barho da aska da adda, kuma kowace sana'a na da sunayen kayan yankanta, waɗanda kan sauya daga karin harshe zuwa wani. Ƙamusun Bargery na 1934 ya taskace da yawa daga irin waɗannan kalmomi, amma ƙamus ba ya nuna siffar abu, gidan tarihi kuma sau da yawa yana da abin ba shi da sunan. Harshen yau da kullum na cike da hotunan wannan fage: ana cewa wane ne ke da wuƙa da nama, ana yabon mutum da kaifin basira, ana kiran mai magana ɗaya kaifi ɗaya. Manazarcin adabi da bai san yadda ake fitar da kaifi ba zai fahimci irin waɗannan maganganu ne sama-sama.

6.0 Tarawa da Adanawa

Makaman wannan yanki da yawa sun fita waje ta hannun matafiya da jami'an mulkin mallaka, musamman bayan cin Kano da Sakkwato a 1903. Wasu sun ƙare a wurare irin gidan tarihi na Pitt Rivers da ke Oxford, wanda aka kafa a 1884, inda ake jera kaya bisa nau'insu maimakon al'ummar da ta yi su. A gida akwai Gidan Makama a Kano da gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai. Dokar Nijeriya ta 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba tare da izini ba, amma ƙaramin abu kamar wuƙa ba shi da wuyar sulalewa.

Ko a hannun mai son ta, tsohuwar wuƙa na fuskantar haɗari. Goge ta da injin washi don ta yi ƙyalli yana share tambari da sawun guduma da layukan da ke nuna nau'in ƙarfe. Barin ruwa cikin kube tsawon damina yana jawo tsatsa, domin fata na riƙe laima, hunturu kuma na busar da fatar har ta tsattsage. Abin da ya fi dacewa shi ne a share tsatsar da ke ci a hankali, a shafa ɗan mai, a ajiye ruwa da kube kusa da juna amma a rabe. Akwai kuma matsalar jabu, inda ake turara sabuwar wuƙa da hayaƙi ko a binne ta don ta yi kama da tsohuwa. Tsatsar irin wannan takan rufe ko'ina bai ɗaya, saɓanin tsufan gaske da ke bin wuraren da hannu da dutsen washi suka fi taɓawa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, ana iya fahimtar cewa darajar tsohuwar wuƙa ga nazarin Hausa na rataye ne da bayanin da ya biyo ta. Ya kamata duk wadda za a adana a rubuta sunanta a karin harshen wurin da aka samo ta, da sunayen sassanta, da garin maƙerinta, da aikin da aka yi da ita, da hannuwan da ta ratsa. Sassan Hausa na jami'o'i na da damar yin wannan aiki tare da gidajen tarihi, ta hanyar zama da tsofaffin maƙera da dukawa a ɗora musu kayan a gabansu su faɗi sunayensu. Wuƙaƙen da ke ajiye za su iya jiran wani ƙarni, amma dattawan da suka ga ƙarshen zamanin dafa tama sun ragu ƙwarai, kuma da su ya kamata a fara.