Bayani A Kan Miƙe Ƙarfen Garma Da Na Tantan Idan Ya Lanƙwashe

A sani, bayan da Turawan gona suka kawo noman shanu ƙasar Arewa cikin shekarun 1920, garmar nan mai fukafukai biyu da a ke kira Emcot, ƙirar kamfanin Ransomes na Ingila, ta zama dukiya a gidan manomi. Daga baya tantan ta iso, watau tarakta, irin su ƙaramar Ferguson mai launin toka wadda aka ƙera a Ingila daga 1946 zuwa 1956, da Massey Ferguson 135 wadda ta fito a 1964. Har wa yau tsofaffinsu suna hannun mutane, ana saye ana sayarwa. Mai irin wannan kaya kuwa ba ya rabuwa da lanƙwasasshen ƙarfe: ko fiffiken garma ya daki kututture, ko murfin inji ya lotsa, ko madigadi ya karkace yana gugar taya.

Kada a raina wannan lahani. Fiffike ɗaya in ya buɗe fiye da ɗan'uwansa, garma sai ta riƙa jan gefe, shanu su gaji tun da hantsi, kunya ta fito a karkace, alhali kwanakin huɗa ƙididdigaggu ne. Murfin inji kuma in ya lotsa har ya taɓa lagireto, guga kaɗai ta isa ta huda shi.

To, galibi in mutum ya ga lotsawa sai ya ɗauki masaba ya dirka mata a tsakiya. Nan ne ɓarna ta ke farawa. Domin kuwa fallen ƙarfe duk sa'ad da aka matse shi tsakanin guduma da uwar maƙera, sirancewa ya ke yi yana ƙara faɗi, ga shi kuwa tun wurin karon farko ya riga ya miƙe. Misalinsa kamar yadi ne da tela ya bar wa rara a tsakiya, kome guga ba ya kwanciya. Shi ya sa a kan ga murfin da aka sha duka ya yi tulluwa, a danna nan ya ɓullo can yana ƙara kamar garwa.

Gwanin maƙeri ba ya gaggawar duka. Ya kan jiƙa notuna da kananzir su kwana, ya kwance abin, ya kankare tsatsa, sa'an nan ya shafa da tafin hannu, don hannu ya fi ido ganin tudu da kwari a jikin ƙarfe. Abin da ya ke nema shi ne ƙaryar da ta kewaye ramin, gama ita ce ta ɗaure shi. Sai ya tokare ramin ta baya da dunƙulen ƙarfe mai santsi, ya bi ƙaryar da ƙananan bugu da gudumar itace, daga baki yana matsowa ciki, inda ya lanƙwashe a ƙarshe shi ne farkon miƙewa. Ƙarya na saki, rami ya kan taso da kansa. Ga garma kuma akwai sauƙi guda, tun da fukafukanta biyu ne: a lanƙwasa waya bisa lafiyayyen, a juya ta a auna mai lahanin da ita.

In rarar ta yi yawa, sai wuta. Mai walda ya kan ɗana harshen wutar gas a ƙoƙon tulluwar, wuri kamar faɗin tsohon kwabo, har ya yi ja. Nan da nan ya tokare ta baya, ya bubbuga kewayen yana koro ƙarfe zuwa wurin da ya yi laushi, kana ya ɗora jiƙaƙƙen tsumma. Wurin yana hucewa yana tsukewa, ya janye rarar. Gara a yi haka sau uku a ƙananan wurare da a gasa fallen duka, don wuta mai yawa murɗe shi ta ke yi. In da tsaga, a huda ƙaramin rami a ƙarshenta don kada ta ci gaba, a yi walda ɗigo-ɗigo ana bari yana shan iska.

Amma ba kowane ƙarfe ke karɓar wannan ba. Bakin garma da faifan haro an ba su tauri tun daga ma'aikata, wuta tana cire shi, su koma cinyewa cikin ƙasa da wuri. Ƙarfen zubi kuwa ba ya lanƙwasa, tsinkewa ya ke yi. Tankin mai na waɗannan tantan a ƙarƙashin murfi ya ke, faufau ba a kai wuta kusa da shi, ko da babu mai a ciki, gama tururinsa ya fi man kansa haɗari.

Ɗan kasuwa mai sayen tsohuwar tantan, shi ma yana da rabo a nan. Sabon fenti ba shaida ba ne. Ya leƙa cikin murfi da madigadi, can sawun guduma ya ke. Ya kuma bi jikin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, cike aka yi aka shafe, kuma a nan ya kamata a rage kuɗi.